Wasiƙa daga Tokyo: mai biyan kuɗi shi ke da katun

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina fatan kowa lafiya, ya iyali, ya ɗawainiya. Ƙanena ne ya turo mini saƙo kwanan baya yana mita, wai wani anime, wato katun na Japan, da yake bi a waya an yanke shi labari bai kai ko'ina ba. Na ce bari in ba shi amsa a bainar jama'a, don na san ba shi kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Duk Lahadi ƙarfe 8:30 na safe 'yata tana gaban talabijin tana kallon Precure. Jarumar za ta ɗaga wata sanda mai walƙiya ta rikiɗe, ana tafiya talla sai ga sandar nan dai, ta roba, a hannun wata yarinya, ƙirar kamfanin Bandai. "Baba, ka gani?" Na gani, kuma na saya. Fabrairu na kamawa aka kawo sababbin jarumai da sabuwar sanda, tamu ta koma kwali a ƙarƙashin gado. Tun 2004 suke wa iyaye haka.

Kun san yadda a rediyonmu ake cewa kamfani kaza ne ya ɗauki nauyin kawo muku wannan shiri? Nan ma haka ne, murya ta sanar, sunayen kamfanoni su fito a allo. Sai dai a nan mai ɗaukar nauyin hannunsa yakan kai har cikin labarin. Tun farko da haka aka taso. Lokacin da Fuji TV ta fara nuna Astro Boy a 1963, kamfanin cakulan na Meiji ne ya biya, yana cusa sitikar jarumin a cikin kwalin alewarsa, yara suna rububi. Osamu Tezuka, wanda ya ƙirƙiro shi, ya sayar da shirin ƙasa da abin da ya kashe, ya jingina da kuɗin amfani da hoton jarumin.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Gundam. A 1979 kamfanin kayan wasa na Clover ne ya ɗauki nauyinsa, yana son yara ƙanana su sayi mutum-mutumi. Shi kuwa shirin labarin yaƙi ne mai nauyi, matasa suka fi fahimtarsa. Masu kallo ba su taru ba, ciniki bai gamsar ba, aka datse shi daga kashi 52 da aka tsara ya tsaya a 43. A 1980 Bandai ta fito da mutum-mutumin Gundam irin waɗanda mutum ke harhaɗawa da hannunsa, kasuwa ta buɗe, har yau ana saye. Clover kuwa ta durƙushe a 1983. Ta noma, wani ya girbe.

Ko Sazae-san, wanda ake nunawa yammacin Lahadi tun 1969, bai tsira ba. Toshiba ta riƙe shi kusan shekara 50, ta saki a 2018 da asusunta ya girgiza. Farkon 2025 kuma, da abin kunya ya taso a Fuji TV, tashar da ke nuna shi, kamfanoni suka janye tallansu, har aka nuna shi babu sunan kamfani ko ɗaya.

To kai ƙanena, irin wanda kake kallo na dare ne, wanda ake sawa wajen ƙarfe 1, kowa ya yi barci. Shi lissafinsa ya juye. Mai buga littafin manga, wato labarin cikin zane, da mai faifai, da mai waƙa, da mai kayan wasa ne ke haɗa kuɗi su kafa kwamiti, su sayi lokacin daga gidan talabijin. Shirin kansa shi ne tallar. Kashi 12 ko 13, wata uku, sai a zauna a duba littafi nawa aka sayar, nawa manhajojin kallo irin su Netflix ko Crunchyroll suka biya. In lissafi ya fita a yi zango na biyu, in bai fita ba shiru kake ji.

Kai kuma na san a Telegram ka sauke shi kyauta, don haka ko ƙirga ka ba su yi ba. Ƙarshen labarin yana cikin littafin, wanda dama shi suke so ka saya. Na leƙa shagon da ke kusa da tasharmu na gan shi, amma da Japananci ne. In kana so in aiko da shi hannun mai zuwa, ka sanar da ni.

A gaida su Hajiya.

Naku, daga Tokyo