Ambulan ɗin jiragen da basu dawo ba

Tara kan sarki kam kowa ya sani, amma idan nace ma mutum ni ambulan ɗin nake tarawa gaba ɗayansa, kuma ba kowanne ba sai na jiragen yaƙin ƙarƙashin teku da suka halaka a yaƙin duniya na biyu, sai ya tsaya yana kallona. Yayana ma cewa yayi, kai ƙanena ko kwale-kwalen Dadin Kowa baka taɓa shiga ba, me ya haɗa ɗan Gombe da teku?

Amurka kaɗai ta rasa irin jiragen nan 52 da mutane sama da 3,500 a ciki. Tun kafin yaƙin suna da al'adar buga ambulan na musamman ranar da aka fara ƙera jirgi ko aka tura shi ruwa ko ya kama aiki, zane a hagu, kan sarki a dama, gidan waya ya buga hatimi mai kwanan wata, har masu tarawa ƙungiya garesu tun 1932, Universal Ship Cancellation Society, tana nan har yau. Daga baya kuma aka riƙa buga na tunawa da waɗanda suka nutse, masu kala da hoton jirgin da ranar da ya ɓace. Su ne masu araha, su suka fi yawa a wajena, amma wallahi basu cika taɓa min zuciya ba, ai wanda ya buga su ya riga ya san ƙarshen labarin.

Wanda nake so shi ne wanda aka buga jirgin na nan da ransa. Na fi ji da na jirgin Tang, na ranar da aka tura shi ruwa a ma'aikatar ƙera jirage ta Mare Island da ke California a 1943, takardar ta koma ruwan ƙasa, gefe ɗaya ya ɗan tauye, hatimin ma ya karkace da gani ma'aikacin sauri yake ya tashi. A Oktoban 1944 jirgin nan ya harba makaminsa na ƙarshe kusa da Taiwan, makamin ya kewayo ya dawo ya daki mai shi, mutum tara kacal suka tsira harda kwamandan, Richard O'Kane, Japanawa suka kama su. Sauran a tekun suka halaka, ba gawa ba makara ba kabarin da za a ziyarta, mu da muke gaggawar kai mamaci makwancinsa kafin rana ta faɗi wannan abin yana min nauyi sosai. Wani jirgin, Grayback, ya ɓace a 1944 da mutum 80, sai 2019 aka gano shi wajen tsibirin Okinawa na Japan, jirgin Bullhead kuwa ranar 6 ga Agustan 1945 ya tafi, ranar da aka jefa bam a Hiroshima, saura kwanaki kaɗan a gama yaƙin.

Masu tsadar gaske su ne wasiƙun da ma'aikatan jirgin suka aiko gida da hannunsu. Galibi ba kan sarki ma a jiki tunda daga 1942 kyauta sojoji ke aikawa, hatimin ba sunan jirgi saboda 'yan leƙen asiri, sai tambarin mai tace wasiƙu, sunan jirgin sai dai a adireshin mai aikowa. Waɗannan a hoto nake kallonsu, da dalar yanzu ko na arahan ma kuɗin kawowa ya fi kuɗin kayan.

Kuma fa yaƙin tekun bai yi mana nisa yadda yaya ke zato ba. Abosso, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya saba jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Liverpool da Legas, jirgin ƙarƙashin tekun Jamus ne ya nutsar da shi a 1942, sannan kakanninmu da aka kai yaƙi ƙasar Bama, wato Burma, ai ta ruwa aka kwashe su. Na tabbata akwai gidaje a Gombe da Bauchi da wasiƙun lokacin ke ƙasan adaka gara na ci.

In kun samu don Allah kar a yage kan sarkin, kar a liƙa salatif, kar kuma a kai shagon kwamfuta a manne da leda mai zafin nan, da an yi haka darajarsa ta tafi. A saka a busasshiyar takarda nesa da bango saboda damshin damina, a ɗauki hoto gaba da baya a turo min in gani.