Wa ke amsa wa kwamfutarka idan ka canza rezo?

Wani koke da ake kawo wa masu gyaran kwamfuta a Maradi shi ne: "A ofis tana aiki lafiya, na je gida na haɗa da wifin wayata, ta ce akwai intanet amma shafi ya ƙi buɗuwa." Sau da yawa laifin na DNS ne, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi lambar IP, adireshin da kwamfuta ke gane shafin da shi.

Duk rezon da ka shiga, shi ke ba kwamfuta adireshin sabar DNS (kwamfutar da ke amsa tambayar suna) da za ta riƙa tambaya, ta hanyar DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi ta atomatik. Matsala na tasowa idan wani ya taɓa rubuta adireshin da hannu a katin wifi, misali 192.168.1.10, sabar cikin ofis. Kwamfuta ta bar ofis amma tana ta kiran sabar da ba ta kusa. Gwajin ba ya cin minti biyu: buɗe cmd, tagar rubuta umarni a Windows, rubuta ping 8.8.8.8, umarnin da ke gwada ko wata sabar Google na amsawa. In ya amsa amma nslookup google.com, umarnin neman lambar suna, ya gaza, layi ƙalau yake, suna ne ba a samu. Duba ipconfig /all ka ga sabar da aka sa, mayar da ita ta atomatik, sannan ipconfig /flushdns don share tsofaffin amsoshi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Tambayar DNS ta gargajiya na fita ta ƙofa 53 (lambar mashigar da saƙon ke bi) a fili, ba ɓoyo. Mai wifin otel ko na tasha yana iya ganin kowane suna da ka nema, yana kuma iya ba ka amsar ƙarya ya kai ka shafin bogi. Shi ya sa gargaɗin da manhajar buɗe shafi ke yi cewa takardar shaidar shafin ba ta inganta ba, ba abin wucewa da gaggawa ba ne, balle ga ɗan kasuwar da ke shiga asusun banki a hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina.

Maganin shi ne DoH, wato DNS ta hanyar HTTPS, wanda ke rufe tambayar ya bi da ita ta ƙofa 443. Windows 11 na da shi, Firefox da Chrome ma, da saba irin su 1.1.1.1 ko 9.9.9.9. Sai dai mai rezo na iya ganin lambar IP ɗin da ka nufa duk da haka. Kuma a wifin da ke neman ka shiga ta shafinsa tukuna, DoH na dole kan hana shafin fitowa. Kashe shi, ka shiga, ka sake kunnawa.