Daga Fotsmot Zuwa Rumfar Mai Sassaƙa Baka

Jirgin ƙasan da na hau a tashar Waterloo ta Landan ya sauke ni a bakin tashar jiragen ruwa ta Fotsmot, a kudancin Ingila, inda aka gina gidan tarihi domin jirgin yaƙin Sarki Henry na Takwas mai suna Mary Rose. Jirgin ya nitse a shekarar 1545, ya kwanta cikin laka har zuwa 1982 da aka ɗago shi, kuma a cikin kayan da aka tsamo akwai bakuna 137 da ba su karye ba. Su na je gani. Kowannensu ya kai kimanin mita biyu, an sassaƙa shi daga sanda guda ta itacen da Turawa ke kira yew, wanda ake shigo da mafi kyawunsa daga ƙasashe irin su Italiya da Sifaniya.

Washegari na nufi wani ƙauye a yankin Hampshire, wurin wani dattijo da ke koyar da sabbin shiga wannan sana'a. Bai ba ni yew ba, domin yana da tsada kuma ba ya yafe wa hannun da bai ƙware ba. Sandar itacen ash ya miƙo mini, wadda ta daɗe tana bushewa a rumfarsa. Ya nuna mini cewa bayan baka, wato ɓangaren da ke fuskantar abin hari, miƙewa yake yi idan an ja tsarkiya, cikinsa kuwa matsewa yake yi, saboda haka ba a taɓa jijiyar itacen da ke bayan, duk ragewar daga ciki ake yin ta. A nan ne yew ya fi sauran itatuwa, don farin gefensa yana jure miƙewa, jan tsakiyarsa kuma yana jure matsi.

Aikin da ya ci mafi yawan lokacinmu shi ne daidaita lanƙwasa. Sai a ɗora bakan a kan wani katako, a ja tsarkiya kaɗan, a koma baya a duba ko hannuwansa biyu sun tanƙwaru daidai, sannan a kankare wurin da ya yi tauri da wuƙa ko magagari. A ganina wanda ya saba da gizago zai fi shan wahala a nan, domin hannunsa ya saba da sara, alhali abin da ake cirewa bai wuce ɗan gari-gari ba.

Maharban ƙasar Hausa sun dogara da dafin kibiya, Ingilishi kuwa ƙarfin itace suka dogara da shi, shi ya sa bakansu ya yi tsawo haka. Nawa mai sauƙin ja ne ƙwarai. Da yamma muka shafa wa tsarkiyar kakin zuma, muka fita bayan rumfar, na ɗana kibiya na harba a kan damin ciyawa.