Inda ƙarar da ke kashe rediyo take fitowa a allon caja

A ƙauyukan Ringim ko Gumel, shagon cajin waya da ke aiki da sola yakan gamu da wannan matsala: da an kunna caja, rediyon mai shayi da ke gefe sai ta koma shuuu. Mutane kan ɗora wa batir laifi, alhali ƙarar daga wani ɗan wuri take tashi a kan allon da'irar na'urar rage wuta da ke cikin cajar, wurin da sau da yawa bai kai faɗin farce ba.

Na'ura irin LM2596, wato IC (ƙaramin guntun lantarki) mai rage wuta, tana kunnawa da kashewa sau 150,000 a daƙiƙa. Wannan adadi ya yi nisa da zangon FM, wato 88 zuwa 108 MHz, to me ya haɗa su? Kaifin yankewar wutar. Akwai zagaye guda da wuta ke tsayawa cak ta kuma tashi a cikinsa: daga kapasitan shiga, zuwa makunnin da ke cikin IC, zuwa dayod, ta komo. Kowace milimita ta layin tagulla tana ƙara kusan nH 1 (nanohenry, ma'aunin yadda layi ke jinkirta canjin wuta). Idan zagayen ya tara nH 10, dayod kuma yana da pF 250 (picofarad, ma'aunin kapasita) a jikinsa, su biyun za su yi ta karkarwa a kusan 100 MHz, tsakiyar FM ke nan.

Amfanin kwaikwayo a kwamfuta shi ne a ga wannan tun kafin a aika zane Sin a buga, a jira makonni, allo ya iso da ciwonsa. A fara da LTspice, manhajar kwaikwayon da'ira, kyauta ne. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zana da'irar tas, babu ɓoyayyun nH da pF ɗin nan. Irin wannan zane ba zai taɓa nuna karkarwa ba. A sa su da hannu, a gudu da shi, a yi FFT (lissafin da ke nuna ƙarfin sigina a kowane MHz) na wutar da ke ratsa kapasitan shiga, a rubuta inda tsini ya fito.

Daga nan sai siffar allon kanta, a openEMS, mai kwaikwayon yaɗuwar igiyar lantarki, wanda shi ma kyauta ne kuma ana sarrafa shi da Octave ko Python. Ba sai an shigar da allon duka ba, zagayen nan da shimfiɗar guraun (tagullar da wuta ke komowa ta cikinta) da ke ƙarƙashinsa sun isa. Jikin allon, wato FR4 mai kaurin mm 1.6, a ba shi 4.4 a matsayin lambar dielectric. Tagullar kaurinta µm 35 ne, amma kada a zana wannan kauri, a bar ta shimfiɗa marar kauri. Dalili kuwa, manhajar tana yanka sarari ƙananan akwatuna, kuma mafi ƙanƙantar akwati shi ke yanke tsawon kowane taki na lissafi. Akwati ɗaya na µm 35 zai mai da aikin minti ashirin na yini guda, ga laptop da batirinsa bai kai la'asar ba. A matse akwatunan a bakin layuka kawai, a sake su a sarari. A kewaye da PML, iyaka mai shanye igiya, don kada igiyar ta bugi bango ta dawo, a sa tashar shigar da sigina a gurbin makunni, sannan a nemi hoton filin maganaɗisu a tsayin mm 5 daga allo, a buɗe shi a manhajar kallon hoto ta ParaView.

Abin da za a gani ja-wur ne a kan zagayen. A matso da kapasitan seramik na 100 nF har ya kusan taɓa ƙafar IC, a sake gudu, jan ya ragu. A tsaga shimfiɗar guraun da layi guda a ƙarƙashinsa, sai a ga jan ya bi tsagar, domin wutar da ke komowa dole ta zagaya. Wannan gwaji na biyu ya cancanci kowa ya yi shi ko sau ɗaya.

Sai dai hoton na kusa ne. A 100 MHz filin kusa yana ƙarewa wajen santimita 48, kuma ƙarfinsa na zubewa da sauri ƙwarai. Abin da ke kai ƙara rumfar maƙwabci wayar da ta sauko daga farantin sola ce, ita ke zama eriya, kuma ba ta cikin lissafin.

Don haka idan allo ya iso, a gwada da hannu. A ɗauki waya RG-174, siririyar waya mai tsakiya da rigar ƙarfe, a naɗa bakinta zobe mai faɗin santimita 1, a liƙa tsakiyar da rigar da dalma, a rufe da tef sosai, a haɗa da RTL-SDR, ƙaramin rediyon da ake haɗawa da kwamfuta, wanda ke ji daga wajen 24 MHz zuwa sama. A bi allon a hankali ana juya zoben. Idan inbata ake gwadawa, a kula, akwai fiye da bolt 300 a cikinta ko bayan an kashe. In tsinin ya fito a 100 MHz, a sa resista ohm 6.8 da kapasita nF 1 a jere, a ƙetara dayod da su. A bolt 24 zafin da za su ci bai kai wat 0.1 ba. Wayoyin faranti biyun kuma a murɗa su tare, a zura su cikin zoben ferrite mai shanye ƙara, nau'in 43, guda ɗaya daf da bakin allo.