Rige-rige a cikin manhaja: matsalar da ke bin ɗalibin kwamfuta daga aji uku har zuwa furojet

A shekara ta ɗaya da ta biyu, ɗalibin kimiyyar kwamfuta yana rubuta manhajar da ke tafiya layi bayan layi: a ba ta lamba, ta yi lissafi, ta fitar da amsa. In amsar ta yi daidai yau, gobe ma haka. Daga aji uku wannan tabbacin yake ƙarewa. Kwas ɗin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da na rumbun bayanai, da na kwamfutocin da ke aiki tare ta hanyar sadarwa, kowanne da malaminsa da jarrabawarsa, amma tambaya ɗaya ce ke zaune a tsakiyarsu: me zai faru in abubuwa biyu suka taɓa bayani ɗaya a lokaci guda? Ɗalibai da yawa sukan haddace amsar sau uku da sunaye uku, ba su ankara cewa abu ɗaya suke ta maimaitawa ba, sai ta tsare su a furojet ɗin ƙarshe.

Gwajin da ya kamata kowa ya fara yi da hannunsa gajere ne, a yaren C. Ka ajiye lamba guda, ka sa mata sifili. Ka ƙirƙiri zare biyu da pthread_create, wato ayyuka biyu da ke gudana tare a cikin manhaja ɗaya, suna kuma ganin ma'adana ɗaya. Kowane zare ya ƙara 1 a kan lambar sau 1,000,000. Ka jira su gama da pthread_join, sannan ka buga sakamako. Lissafi ya ce 2,000,000. Abin da za ka gani a kwamfuta mai furosesa fiye da ɗaya galibi bai kai haka ba, kuma duk lokacin da ka sake kunna manhajar wata lamba ce daban za ta fito.

Layin ƙarin guda ɗaya ne a idonka, amma a wurin na'ura mataki uku ne: ta ɗauko lambar daga ma'adana, ta ƙara 1, ta mayar. Zaren farko ya ɗauko 500. Kafin ya mayar da 501, na biyu shi ma ya ɗauko 500. Dukansu suka rubuta 501. An yi ƙari biyu, ɗaya ya bi iska: wannan shi ne rige-rige.

Abu biyu kan ruɗa masu wannan gwaji. In ka haɗa kod ɗin da gcc, wato kwampailan da ke juya kod zuwa yaren na'ura, ka sa -O2 mai ƙara wa manhaja gudu, kwampaila na iya dunƙule zagayen miliyan ɗin ya koma ƙari guda ɗaya na 1,000,000, sai amsa ta riƙa fitowa daidai, ka ɗauka babu matsala. Ka yi amfani da -O0 don ka ga abin da idonka. Na biyu, in ka cusa printf a cikin zagayen don ka kama ɓarawon, bugawar kanta tana rage gudu ta canza lokacin da zaren ke haɗuwa, sai kuskuren ya ragu ko ya ɓuya. Shi ya sa cewa "na gwada, tana aiki" ba hujja ba ce a waɗannan kwasa-kwasan. Kayan aikin da aka yi don wannan su ne ThreadSanitizer, wanda ake kunnawa da -fsanitize=thread a gcc ko clang, da Helgrind na cikin Valgrind, a yaren Go kuma -race. Suna nuna maka layuka biyun da suka yi karo ko da amsar ta fito daidai a wannan karon, muddin dai layukan sun gudana lokacin gwajin.

Maganin farko shi ne makulli, wanda ake kira mutex: zare ya kulle, ya yi ƙarinsa, ya buɗe. Ga lamba guda tak, ƙari na atomik, wanda ke yin matakai ukun a dunƙule, ya wadatar, kamar AtomicInteger a Java. Kuskuren da ke yawan fitowa a takardun jarrabawa shi ne zaton cewa kalmar volatile ta isa. A Java tana tabbatar da cewa kowane zare zai ga sabon abin da aka rubuta, amma ba ta mayar da matakai ukun nan su zama ɗaya. Masu Python ma kada su dogara da babban makullin nan na mai fassara, GIL, wanda ke barin zare ɗaya kawai ya gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda, domin yaren bai yi alkawarin cewa ƙari a kan lamba zai gudana a dunƙule ba.

Da zarar ɗalibi ya ɗanɗana makulli, sai ya fara sa shi ko'ina, a nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. Zaren farko ya kulle A yana neman B, na biyu ya kulle B yana neman A. Sun yi cirko-cirko. Manhaja ba ta mutu ba, ba ta fitar da saƙon kuskure ba, ta dai tsaya cak. Coffman da abokan aikinsa sun zayyana sharuɗɗa huɗu a 1971 waɗanda sai sun haɗu hakan ke faruwa: abin da ake riƙewa na mutum ɗaya ne a lokaci guda, mai riƙe da ɗaya yana jiran wani, ba a ƙwace daga hannun mai riƙewa, kuma jiran ya zagayo ya zama da'ira. Ana haddace su don jarrabawa, amma a aikace na huɗun ne ya fi sauƙin karyawa. Ka ba kowane makulli lamba, ka kafa doka cewa duk mai buƙatar biyu sai ya fara da ƙaramar lamba. In aikin mayar da ɗalibi ne daga rukuni na 12 zuwa na 5, za a fara kulle 5 sannan 12, ko da kuwa daga 12 aka taso. Da'ira ba za ta taɓa ƙulluwa ba.

Wani ƙaramin abu mai cin maki: in zare yana jira a pthread_cond_wait, wato yana barci har wani zare ya sanar da shi cewa abin da yake jira ya samu, a sa jiran a cikin while, kada a sa shi a cikin if. Ƙa'idar POSIX, wadda ta tsara yadda waɗannan zaren ke aiki, ta yarda zare ya farka ba tare da kowa ya tashe shi ba, kuma ko an tashe shi da gaske, wani zaren na iya riga shi ɗauke abin da ake jira. Dole ya sake dubawa bayan ya farka.

Malamai na yawan kawo labarin Mars Pathfinder, kumbon da ya sauka a duniyar Mars a watan Yulin 1997, don da gaske ya faru. Wani aiki mai ƙaramin matsayi ya riƙe makulli, aiki mai babban matsayi yana jiransa, masu matsakaicin matsayi kuma suka hana ƙaramin samun damar gamawa. Mai gadin lokaci ya ga babban aikin bai kammala ba, sai ya riƙa sake tayar da kwamfutar. An gyara daga nan duniya ta hanyar kunna tsarin da ke ara wa mai riƙe da makulli matsayin wanda ke jiransa. Na Therac-25 ya fi muni: na'urar gashin cutar daji da ta zuba wa marasa lafiya hasken da ya wuce kima a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987, wasu suka rasa rayukansu. Ɗaya daga cikin kurakuran yana tasowa ne in mai sarrafa na'urar ya gyara bayanan da ya shigar da sauri, cikin kusan daƙiƙa 8, kafin na'urar ta gama daidaita kanta.

A kwas ɗin rumbun bayanai abin yakan canza riga, shi ya sa ba a gane shi. Ɗauki manhajar rajistar kwas, irin wadda ɗaliban tsarin bayanai ke yawan zaɓa a matsayin furojet. Aji na ɗaukar mutum 40, an yi wa 39 rajista. Kod ɗin da kusan kowa ke fara rubutawa yana ƙirga waɗanda suka yi rajista da SELECT, in ba su kai 40 ba sai ya yi INSERT. Ba sai ka jira cunkoso ba kafin ka ga aibinsa. Ka buɗe taga biyu na psql, manhajar aika umarni ga rumbun bayanai na PostgreSQL. A ta farko ka rubuta BEGIN don buɗe zaman aiki, ka ƙirga, ka ga 39. A ta biyu ka yi haka, ita ma 39. Ka shigar da ɗalibi a ta farko, ka shigar da wani a ta biyu, ka yi COMMIT a duka don tabbatar da aikin da rufe zaman. Ka sake ƙirgawa: 41. Ɗauko, duba, mayar. Matakan nan uku ne dai na yaren C suka dawo.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Ɗalibai kan ɗauka cewa sa aiki tsakanin BEGIN da COMMIT ya raba shi da kowa. Ƙa'idar SQL ta 1992 ta ba da matakai huɗu na keɓe ayyukan da ke gudana tare daga juna, kuma ba mafi tsauri ake samu a kunne ba. PostgreSQL yana zuwa a kan Read Committed, InnoDB na MySQL a kan Repeatable Read. A PostgreSQL, ko ka ɗaga zuwa Repeatable Read za ka sake samun 41, domin kowace taga tana kallon hoton rumbun kamar yadda yake lokacin da ta fara, kuma layuka daban-daban suka shigar, babu karon da rumbun zai gani.

Gyaran da ya fi tsafta shi ne a daina ƙirge a waje. Ka ajiye yawan kujerun da suka rage a layin kwas ɗin, ka rage da umarni guda: UPDATE kwas SET saura = saura - 1 WHERE id = 7 AND saura > 0. Sannan ka duba layi nawa umarnin ya taɓa. In 1 ne, ka shigar da rajistar a cikin wannan zaman ka yi COMMIT. In 0 ne, aji ya cika. A Read Committed, taga ta biyu za ta tsaya tana jiran ta farko ta saki layin, sannan ta sake duba sharaɗin a kan sabuwar lamba, ta tarar da sifili. In akwai dogon bincike kafin a yanke hukunci, misali duba ko ɗalibin ya ci kwas ɗin da ake buƙata kafin wannan, ka kulle layin kwas tun farko da SELECT mai FOR UPDATE. Hanya ta uku ita ce Serializable, matakin keɓewa mafi tsauri, wadda PostgreSQL ya inganta tun fitowa ta 9.1 a 2011. Tana kama matsalar, amma ta hanyar soke ɗaya daga cikin ayyukan da lambar kuskure 40001, kuma aikin manhajarka ne ta sake gwadawa daga farko. Wanda ya kunna Serializable bai rubuta kod ɗin sake gwadawa ba, ya musanya kujera ta 41 da shafin kuskure ne kawai.

Ko wacce ka zaɓa, ka ɗora wa rumbun dokoki biyu: CHECK da ke hana saura sauka ƙasa da sifili, da UNIQUE a kan haɗin lambar ɗalibi da lambar kwas. Kod yana canzawa, abokin furojet zai ƙara wani shafi ya manta da dubawa, amma dokar da ke cikin rumbu ba ta barin kowa ya wuce. Masu Django, tsarin gina manhajar yanar gizo da Python, su lura: ɗauko abu, rage lambarsa a Python, sannan a kira save, shi ne ainihin kuskuren farko. A yi amfani da F don rumbu ya yi ragin da kansa, ko select_for_update don a kulle layin.

Cirko-cirko ma yana nan a rumbu, sai dai rumbu ya fi C kirki. PostgreSQL kan jira daƙiƙa 1, in ba a canza saitin ba, sannan ya bincika ko jiran ya zama da'ira, ya soke ɗaya da lamba 40P01. Maganin bai canza ba: a riƙa taɓa layuka a jere guda.

Kwas ɗin kwamfutoci masu aiki tare yana ƙara abu ɗaya ne: saƙo na iya ɓata. Makullin cikin manhaja ba shi da amfani da zarar an tayar da kwafi biyu na saba, wato manhajar da ke amsa buƙatun masu amfani, ko ma ma'aikata huɗu na gunicorn, manhajar da ke gudanar da sabar Python, a kwamfuta ɗaya, domin kowanne da ma'adanarsa. Sannan in waya ta aika buƙata shiru ya biyo baya, ba ta da hanyar sanin ko buƙatar ce ta ɓata a hanya ko amsar. In ta sake aikawa, ana iya yin aikin sau biyu. Shi ya sa ake sa wa kowace buƙata lambar shaida tun daga wayar, saba ta ajiye ta a gurbi mai UNIQUE, in ta sake zuwa a mayar da tsohuwar amsa. Kada kuma a raba gardamar wa ya riga wa da agogon kwamfutoci biyu, don ba sa tafiya daidai. Matsalar da Leslie Lamport ya yi wa aiki ke nan a 1978, inda ya jera abubuwa da ƙirge maimakon agogo.

A ganina duk furojet mai rumbun bayanai ya kamata ya zo da gwaji guda na wannan, kuma shafi ɗaya na sakamakonsa ya fi hotunan fuskar manhaja ashirin daraja a gaban masu tantancewa. Ka ƙirƙiri aji mai kujera 40 da ɗalibai 200 na gwaji. Ka tayar da zare 200, kowanne ya tsaya a shinge har sai duk sun shirya, sannan a sake su lokaci guda, in ba haka ba na farko zai gama kafin na ƙarshe ya tashi. Bayan sun gama ka duba abu uku: rajista 40 cif, saura sifili, babu ɗalibin da ya fito sau biyu. Ka maimaita sau da yawa, ka kuma gudanar da shi a kan tsohon kod don ka tabbata gwajin yana iya faɗuwa. Ka yi shi a kan irin rumbun da za a yi aiki da shi a zahiri, domin SQLite mai rubutu ɗaya yake bari a lokaci guda, halinsa a cunkoso ba irin na PostgreSQL ko MySQL ba ne. A Django kuma ka ɗauki TransactionTestCase, saboda TestCase na naɗe kowane gwaji a cikin zaman da ba a yi masa COMMIT ba, sauran zaren ba za su ga ajin da ka ƙirƙira ba.