Da rana tsaka na zaɓa wa Ummi makaranta

Ummi ta cika shekara uku ana tsakiyar damina, sai Babanta ya ce tunda a Satumba ake shiga sabuwar shekarar karatu, in fara nema mata naziri. A unguwar Mabera ta Sakkwato muke zaune, kuma kusan duk layin da ka bi sai ka ga allon makaranta da hoton yara sun sha taye. Maƙwabciyarmu, wadda ta daɗe tana koyarwa a firamaren gwamnati, ta ce da ni, "Maman Ummi, kada ki tafi da safe. Da safe kowace makaranta amarya ce. Ki bari sai sha biyu ta gota."

Haka na yi, kuma ban taɓa sanar da kowa zuwana ba. A lokacin ne ruwan randa ya ƙare ko bai ƙare ba, bayi ya nuna halinsa, malama ta gaji har ainihin muryarta ta fito. Wata makarantar gidan haya ce aka mayar da ɗakunansa azuzuwa. 'Yan naziri suna cikin garejin mota, rufin kwano ba silin, taga guda. Ana damina ma zufa nake yi, sai na tuna Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 2017 a nan da Zamfara ba ya wasa da cunkoson yara a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ko fom ɗin ban karɓa ba.

A wata kuma shugaban makarantar ya yi ta yi mini alfahari cewa duk yaron da ya yi Hausa sai an hukunta shi. Ina son ɗiyata ta iya Turanci, ba na musu. Amma yarinya 'yar shekara uku da fitsari ya matsa, da wane harshe za ta faɗa? Tsoro zai sa ta yi shiru har ta jiƙa wando, gobe kuma ta ƙi zuwa.

Na leƙa firamaren gwamnati ma, don tsarin ilimi na ƙasa na 2013 ya tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ga 'yan shekara biyar. Ummi ba ta kai ba, kuma da nisa, sai an ɗora ta a kabu-kabu kullum.

Wadda muka zaɓa ba ta da wani fenti na a zo a gani. Akwai dogonyaro biyu a tsakar gida, tabarmi a ƙasa, da wata dattijuwa mai rainon yaran da suke kira Inna. Ina tsaye wani yaro ya ɓata jikinsa. Ba ta daka masa tsawa ba, ta ja shi bayi, ta wanke shi, ta wanke hannunta da sabulu, ta dawo tana yi masa kirari. Ita ce ta saye ni, ba takardun malamai ba. Kafin mu biya na sa aka rubuta mini kuɗin zango ukun gaba ɗaya, har da yunifom, littattafai da kuɗin bikin ƙarshen shekara, saboda waɗannan ƙananan ne ke tayar wa maigida hankali a tsakiyar wata.

Takardu biyu suka nema: shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da katin riga-kafi. Shirin da ya fi cin lokaci a gida aka yi shi. Sunan surukata Ummi ta ci, don haka ba wanda ke kiran ta da shi, ni kuwa bakina ba ya iya faɗa. A rajista kuma da shi za a kira ta. Ƙanwata na sa ta riƙa kiran ta da sunan na yanka har ta saba amsawa. Muka koya mata cire takalmi, buɗe gorar ruwa, da cewa "Anti, zan zagaya." Barcin dare muka dawo da shi bayan isha'i, wanda ya jawo rigima da Babanta, don a lokacin yake dawowa daga kasuwa da tsarabarta.

Ta yi kuka a makon farko, har da riƙe mini hijabi. Inna ta ce in yi mata sallama a fili in tafi, kada in sulale, kada kuma in laɓe a bakin ƙofa ina leƙe.

Saura batun Islamiyya. Hajiya, surukata, ta so a haɗa wa Ummi biyun lokaci guda, boko da safe, allo da la'asar, kamar yadda yayyenta na gidan suke yi. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tana dawowa ko abinci ba ta gamawa barci ke kwashe ta." Ta ce to, a bar ta ta riƙa bin su ranar Asabar da Lahadi tana jin Fatiha, sauran kwanakin a sake magana in hunturu ya wuce.