Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bazarar da Ta Kusa Watsa Mu

Makon jiya na tsaya a inda muka kafa ƙungiyar masu kiwon kifin ado, mu bakwai, a zauren kawuna da ke Mabera. Kafin hunturu ya fita mun haura ashirin. Duk Asabar bayan la'asar nakan fito da ɗan akwatin gilashi ƙofar gida in ɗora a benci, yara su yi dafifi, iyaye su biyo baya. Basakkwace ya san kifi, amma a faranti, ko a hannun masunta a bakin Kwalkwalawa, ko a gasar Argungu. Kifin da za a ciyar don kallo kawai baƙon abu ne, shi ya sa tambayar farko ba ta sauyawa: "To in ya girma, ci za a yi?"

Sai Afrilu ya shigo. Wanda ya san Sakkwato ya san yadda zafi ke haura digiri 40 a wannan wata. Taro ya fara raguwa, har wata Asabar muka waiga muka ga mu biyar ne a kan tabarma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wani ya kawo shawarar a sa tara ga mai fashi, ni ma har na karkata. Kawu yana gefe da carbinsa ya ce, "Kun tai gidajensu kunka ga abin da ag garesu? Ku fara da wannan tukuna."

Washegari na hau babur zuwa Runjin Sambo, gidan wani dattijo, tsohon malamin firamare, wanda da bai taɓa fashi ba. Bayan mun gaisa ya shiga da ni ɗaki. Akwatin yana bisa tebur a jikin tagar yamma, babu ruwa, tsakuwar ta bushe, famfon iskar an nannaɗe shi da wayarsa an ajiye gefe.

"Baba, ina kifayen?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Ɗana, dare guda sunka mace, su takwas. Da wane ido zan taho in zauna cikinku? Jikokina ma sun bar tambayata."

Ashe kunya ce ta ɗauke mana mutane, mu muna zargin su da lalaci. Gida huɗu na shiga a makon nan, labarin kusan ɗaya. Ruwa in ya yi zafi, iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi, ga wuta an ɗauke, famfon iska ya tsaya. Jan kifin nan golfish kuwa, wanda kowa ke fara saye saboda kyansa, ruwa mai sanyi yake so, kuma kashinsa da yawa. Kashin shi ke zama amoniya, gubar da ke ƙona masa gaɓoɓin da yake numfashi da su. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu cinye ta, a cikin soson na'urar tace ruwa suke zama, amma sai sun ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Baba, don tsananin son tsafta, duk Juma'a yakan juye ruwan kaf, ya wanke soson da sabulu, ya cika da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, duk yana kashe bakteriyar nan. Mu da muka ja shi cikin harkar ba mu taɓa zaunar da shi mun faɗa masa haka ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai har yau.

Ranar muka ɗauke akwatin daga taga zuwa lungun da rana ba ta kai. Na ce ya riƙa barin ruwa ya kwana a randa, ya sauya kashi ɗaya cikin huɗu kawai a mako, ya zuba a hankali don kada sanyin ya bugi kifin. Na yanko masa rabin tsohon sosona mai ɗauke da bakteriyar, na ba shi ƙananan kifayen da ake kira gupi guda shida kyauta. Gupi ya fi jure ruwa mai ɗumi, kuma ba ƙwai yake yi ba, haihuwa yake, kusan duk wata.

Maganar tara ta mutu daga nan. Muka mayar da taro zagaye, wannan mako gidan wane, wancan gidan wane. Kafin a sha shayi, wanda kifinsa ya mutu shi ke fara magana, ni na buɗe da nawa ukun da na rasa. Sabon shiga kuwa ba ya sayen kifi sai mun ba shi soso da 'ya'yan gupi.

Ana fara ruwan damina sai ga Baba a ƙofar zaure, jikansa na biye da bokitin fenti, 'yan kifaye kamar ƙwayar shinkafa suna yawo a ciki. Ya ce, "Ku ba wanda bai da." A ranar ne kuma ya kawo saƙon ɗiyarsa, cewa su ma matan unguwa suna so, amma ba su da wurin zama a zauren maza. Yadda muka yi da wannan saƙo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.